Burina in zauna a bayan ajin malama 'yar'uwata

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Gusau, ina koyar da kimiyya da lissafi a wata sakandaren 'yan mata. Wata abokiyar aikina ce ta daɗe tana roƙona in rubuta inda na fito da inda na dosa a aikin nan, domin a cewarta akwai malamai mata da yawa a garuruwanmu masu irin burina, sai dai ba su da wanda za su ji ta bakinsa.

A ƙasar Ƙaura Namoda aka haife ni. Mahaifina malamin firamare ne, cikin mutanen zamanin da, masu takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu. Da na gama sakandare, dangi sun so a aurar da ni a rufe maganar karatu. Abin da ya cece ni shi ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda mata zalla take ɗauka. Da wannan hujjar Baba ya rufe bakin kowa, ya ce babu abin da za a ce a kan yarinyar da ke karatu cikin mata 'yan'uwanta. A can na samu NCE, a can kuma na fara ɗora hannu a kan kwamfuta, mu da yawa a kan guda, kowa na jiran layi ya zo kanta.

Lokacin da na fara aiki, iri biyu ne mutanen da ke shigowa ajina. Akwai masu zuwa duba makarantu. Su kan nemi littafin shirin darasi, su duba ko an sa hannu, su duba rajista, su rubuta abin da za su rubuta, su tafi. Ranar da za su zo kowa a tsorace yake, ana share fili ana gyara kaki. Ban ce aikinsu ba shi da amfani ba, makaranta ba ta tafiya sai da tsari. Amma ban taɓa fitowa daga hannunsu na ji na ƙaru da yadda zan koyar gobe ba.

Sai kuma Hajiya, Allah ya jiƙanta. Tsohuwar malama ce, ta girmi mahaifiyata. Idan ba ta da darasi sai ta shigo ajina da carbinta, ta samu benci a can baya ta zauna tsakanin yara, ba ta ce uffan. Bayan an tashi, muna tafiya zuwa bakin titi, sai ta faɗa mini abu ɗaya tak. Wata rana ta ce, "Ɗiyata, waccan yarinya ta jikin taga ta san amsa, kunya ce ta riƙe ta. Gobe ki je kusa da ita ki tambaye ta a hankali." Wata rana ta ce in riƙa raba allo gida uku kafin in fara rubutu, kada abin da na rubuta da farko ya goge kafin masu jinkirin kwafa su kai. Ba ta taɓa haɗa mini gyara biyu a rana ɗaya ba, ba ta kuma taɓa kai maganata ofishin shugabar makaranta ba. Duk abin da na iya a aji yau, idan aka bi diddigi, a wancan bencin aka shuka shi.

Maganar na'ura kuwa, jarrabawar JAMB ce ta jefa ni cikinta. Daga 2015 aka daina rubuta ta a takarda, ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Wata ɗalibata mai ƙoƙari sosai, wadda ni na san kanta, ta dawo daga cibiyar jarrabawa ta same ni a gida tana kuka. Ta ce tambayoyin ba su gagare ta ba. Hannunta ne ya yi ta rawa a kan linzamin kwamfuta, kibiyar tana gudu nan da can, ta kasa tsayar da ita a kan amsa, lokaci yana ta tafiya. Ranar ce farkon zamanta gaban kwamfuta a rayuwarta. Na kwana ina juya abin. Yarinya ta yi shekara shida muna cusa mata ilimi, a ƙarshe abin da za a iya koya mata a yini biyu ya kayar da ita. Daga baya hukumar ta sauƙaƙa, ta sa ana iya amsawa da maɓallai kaɗan: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya. Sai na samo kwalayen taliya, na zana madannan kwamfuta a jiki daidai girmansu, yara suna ajiyewa a kan benci ina kiran harafi suna dannawa. Ranar Asabar kuma in zo da tsohuwar kwamfutar maigidana, su yi layi kowa ta taɓa ta gaske ko da minti biyar ne.

Sai korona ta zo. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, aka koma darussa ta rediyo da talabijin. Na buɗe zaure a WhatsApp da lambobin iyayen yara, mafi yawa wayar uba ce ko ta yaya, sai dare take dawowa gida. Nan na gane bidiyo ba namu ba ne, data yake ci, uba kuma ba zai sayi data don kallon darasi ba alhali ana neman na cefane. Saƙon murya shi ne ya yi aiki. Minti uku ko huɗu, in yi bayani da Hausa, in ambaci kalmar kimiyyar da Turanci yadda za ta zo a jarrabawa, in sake maimaita ta, in ɗauki hoton zanen da na yi a takarda in tura. Wata uwa ta aiko mini da saƙo ta ce ita ma tana saurare yayin da take tsintar shinkafa, yanzu ta san dalilin da ake cewa a tafasa ruwan rijiya.

Abin da ya fi korona koya mini darasi shi ne watan Satumba na 2021. Duk ɗan Zamfara ya san wannan lokaci. Bayan sace ɗalibai a Jangebe a farkon shekarar da kuma na Kaya a ƙasar Maradun, aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, sannan aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Babu kira, babu saƙo, babu intanet. Mai son gaisawa da ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya fita jihar. Duk abin da na tara a kan intanet, darussa da hotuna da tambayoyin gwaji, ya zama ba na iya kaiwa gare shi. Abin da ya rage mini shi ne wanda ke cikin memorin wayata. Da shi na ci gaba da zama da yaran unguwarmu a zaure, muna tura wa juna fayil ta Xender da Bluetooth, waya kusa da waya. Tun daga lokacin, duk manhajar da aka tallata mini, tambayata ta farko ita ce ko tana buɗewa ba tare da sabis ba. Idan aka ce a'a, ina gode wa mai ita in wuce.

Da wannan ma'aunin na zaɓi 'yan kayan da nake aiki da su. Akwai PhET, gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo da Jami'ar Kolorado ta Amurka take bayarwa kyauta, ana sauke su sau ɗaya a yi ta amfani. Akwai GeoGebra don zanen lissafi. Akwai Kolibri, manhajar darussa wadda aka ƙera musamman don wuraren da babu intanet. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai darussa bisa manhajar karatun ƙasarmu. Ina leƙa ta idan na samu data, in ga yadda wani malami ya ɓullo wa darasin da ke ba ni wahala.

Bari in ba da misali ɗaya, don ana yawan tambayata me waya za ta ƙara wa allo da alli. Darasin wutar lantarki yana cikin waɗanda yara ke haddacewa ba tare da sun gane ba. Na haɗa wayata da wani ɗan majigi mai caji da na saya da kuɗin adashi, muka rataya zannuwa a tagogi don aji ya yi duhu, muka haska bango. Yara sun haura 80, na gaba a ƙasa, na baya a tsaye kan benci. A bangon suka ga batir da waya da ƙwan fitila, da 'yan ƙananan ɗigogi suna zagayawa cikin wayar. Na jera ƙwai biyu a layi ɗaya, na cire guda, ɗayan ya mutu. Na sake haɗawa kowane ƙwai da hanyarsa, na cire guda, ɗayan ya ci gaba da haske. Ban ce komai ba tukuna. Sai wata yarinya daga baya, wadda ban cika jin muryarta ba, ta ce, "Malama, ashe shi ya sa in ƙwan ɗakin Inna ya mutu na tsakar gida ba ya mutuwa!" Aji ya kaure. Daga nan na kashe majigi, na raba musu batiran rediyo da ƙwan tocila da guntayen waya da na roƙo wurin wani mai gyaran lantarki, kowane rukuni ya haɗa da hannunsa. Majigin bai yi minti goma a kunne ba. Ni a wurina iyakar aikinsa ke nan, ya nuna abin da ido ba ya gani, sannan ya ba hannu wuri.

To, amma ni kaɗai ce nake yin haka a makarantar, kuma wannan ya dame ni. Ba don sauran malamai ba su je bita ba. Mun je tarukan bita, an zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, an haska mana abubuwa masu kyau, an ba mu abinci da alawus da takardar shaida. Ranar Litinin kowa ta koma aji ta ɗauki allinta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na san makarantun da aka kai wa na'urori suna kulle a kabad har batirinsu ya kumbura, saboda shugaba yana tsoron idan ɗaya ta fashe daga albashinsa za a cire. Ban ga laifin malaman ba. Mace ba ta koyon tuƙin tuwo da bayani, sai uwa ta tsaya a kanta a gindin murhu, ta ga inda gudaji ke fitowa, ta kama hannunta ta gyara riƙon muciya, gobe ma ta sake tsayawa. Bitar kwana uku ba ta da wannan goben. Daga baya na karanta cewa tun a shekarun 1980 wasu masu bincike a Amurka, Bruce Joyce da Beverly Showers, sun nuna cewa abin da malami ya koya a bita ba kasafai yake isa aji ba sai an samu abokin aiki da zai riƙa bibiyarsa a cikin ajin. Wata ƙawata da ke firamare, wadda ta yi aiki da shirin RANA na koyar da karatu da Hausa a Zamfara, ita ma abin da ta ce ya fi yi mata amfani shi ne masu zuwa su zauna a ajinta su ga yadda take yi. Da na haɗa waɗannan sai na ga ai aikin Hajiya ne ake ta bayani.

Shi ne na ƙudurta zama irinta, in haɗa da abin da ita ba ta samu ba, wato waya.

Na fara da wata sabuwar malama da aka kawo mana, yarinya mai ilimi da zafin nama. Na ce mata, "Ƙanwata, ki ba ni izini in zauna a ajinki, ke ma ki zo ki zauna a nawa." Ita ta fara zuwa nawa, da gangan na tsara haka. Da muka saba, muka jingina wayarta a kan taga tana kallon allo, ta ɗauki darasin. Bayan an tashi muka zauna a ofishin malamai, abin sauraro ɗaya a kunnena ɗaya a nata. Ban faɗa mata komai ba, na ce, "Me kika gani?" Ta kalla ta sake kalla, sai ta ce, "Yaya, ashe ni ke tambaya ni ke amsawa." Haka ne kuwa. Tana jefa tambaya, kafin yara su ja numfashi ta ba da amsa ta wuce. Na ba ta labarin binciken Mary Budd Rowe, wadda ta auna wannan a azuzuwan kimiyya ta ga malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshin yara kan yi tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. Muka yi shawara a kan abu ɗaya: idan ta yi tambaya, ta yi salati ɗaya a zuciyarta kafin ta kira kowa. Shi ke nan aikin makon. Da na koma ajinta, na ga shirun yana yi mata nauyi, tana murza alli a hannu, amma ta daure. Hannaye suka fara tashi daga layin baya. Ta waigo ta dube ni, na sunkuyar da kai don kada yara su lura.

Akwai ƙa'idojin da ba na wasa da su a wannan aiki. Wayar malamar ce ke ɗauka, ba tawa ba. Ba a nuna fuskokin yara, domin 'ya'yan mutane amana ne, kuma a garinmu hoton yarinya ɗaya da ya fita Facebook ya isa a cire yara goma daga makaranta. Idan mun gama kallo, a gabana take gogewa idan ta so. Abin da na gani a ajinta kuma tsakanina da ita ne. Shugabar makarantarmu ta taɓa tambayata yaya na ga koyarwar wance. Na ce, "Ranki ya daɗe, idan na fara kawo rahoto, gobe babu wadda za ta buɗe mini ƙofarta." Ta yi shiru, ta ce in ci gaba. Ina gode mata har yau.

Manyan malamai sun fi wuyar sha'ani, kuma ina ganin hakkinsu ne. Wata da ta kusa ritaya ta ce mini, "Ke ɗiyar nan, ni da nike shirin komawa gida mi zan yi da latse-latse?" Ban ja da ita ba. Ƙarshen zango na same ta da tulin takardun sakamako, tana haɗa makin gwaji da na jarrabawa da kalkuleta, idanunta sun yi ja. Na zauna kusa da ita na buɗe jadawalin lissafi a waya, na ce ta riƙa kira mini maki. Da ta ga jimla tana fitowa da kanta har da matsayin kowace yarinya, sai ta gyara tabarau ta ce in sake yi a hankali. Yanzu ita ke nuna wa wasu. Ni kuma a wurinta na koyi yadda ake kwantar da aji mai hayaniya ba tare da an ɗaga bulala ba.

Inda na dosa yanzu, na farko dai karatu. Ina yin digiri a fannin ilimi a Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, ta cibiyarta da ke Gusau, don ba zan iya barin aji da yara in tafi ba. Bayan isha'i nake karatu, idan yara sun kwanta kuma akwai caji. Maigidana, Allah ya saka masa, shi ke kai wayoyi da majigi shagon caji idan an kwana biyu babu wuta. Idan na gama, ina fatan zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato in yi digiri na biyu a fasahar koyarwa. Takarda ba ita ce iyawa ba, amma a tsarinmu ba a ba mace damar shiga makarantun wasu ta horar da malamai sai da ita, ni kuma damar nake nema.

Ina kuma tara saƙonnin muryar nan da na fara tun korona. Ina sake ɗaukar su da kyau, darasi bayan darasi, daga aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, da Hausar da yarinyar ƙauye za ta gane. Burina su cika memori guda wanda za a iya sa wa a ƙaramar waya mai tocila ko a rediyon da ke cin memori, irin wanda ake sauraren wa'azi da shi a kowane gida. Aikin yana tafiya a hankali, don sai na tabbatar da kowane bayani kafin in ɗauka. Na gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen tsara tambayoyi, suna rage wahala, amma ba na kai wa yara abin da suka rubuta sai na bi shi layi-layi, musamman idan da Hausa ne.

Lokaci ma ba ya jiranmu. Jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, a kwamfuta ake yin ta, na ga malamai masu shekaru a aji suna zufa a gabanta kamar waccan ɗalibar tawa. WAEC ma ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. Yaran birni masu makarantun kuɗi za su wuce. Namu na Bunguɗu da Maru da Tsafe da Shinkafi, idan malamarsu ba ta taɓa riƙe linzami ba, wa zai nuna musu?

Can ne zuciyata take, wajen malamai mata na ƙananan hukumomi. Hanyoyinmu kowa ya san halin da suke ciki, ba kullum ake iya tafiya ba, kuma ba zan ce wa mijina ko mahaifiyata su saki ransu in kama hanyar daji ba. Saboda haka muka ɓullo da wata dabara da wata malama da muka yi kwaleji tare, tana koyarwa a wani ƙauye. Takan ajiye waya a kan tebur ta ɗauki muryar darasinta kawai, ba hoto. Idan ta shigo inda akwai sabis ta turo, idan babu ta ba direban motar garinsu memori ya kawo mini tasha. Ina saurare da dare, ina jin tambayoyinta, ina jin wace amsa ta karɓa wace ta wuce, har kukan awaki a bayan aji ina ji. Sai in mayar mata da saƙo: abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da za ta gwada. Ita ma na fara tura mata nawa tana gyara mini. Ta kawo wasu malamai biyu daga makarantar da ke kusa da su, sun ce su ma a sa su.

Zangon da za mu shiga, shugabar makarantarmu ta amince a ware mana awa ɗaya ranar Alhamis bayan an tashi, malamai mu zauna mu kalli darasin ɗaya daga cikinmu mu tattauna. Nawa za a fara kallo. Kwasar adashina mai zuwa kuma na riga na yi mata wuri, ƙaramin faifan sola da batir za mu saya a ajiye a ofishin malamai, don majigin ya daina kwana a shagon caji kuma kowace malama ta iya ɗauka ta shiga aji da shi ba sai ta nemi izinina ba. Ina roƙon wanda ya karanta ya sa mu a addu'a, Allah ya ba jiharmu zaman lafiya mu samu hanyar isa ga 'yan'uwanmu na ƙauye.